Karatun kasuwanci a ƙaramar kwaleji a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko karatun kasuwanci a ƙananan kwalejojin nan na Amurka masu koyar da fannoni gauraye zai biya maka buƙata. Fara duba ko suna da kwas ɗin ma. Williams da Amherst, duk da sunan da suka yi, ba su ba da digirin kasuwanci. Tattalin arziki za ka karanta, wanda lissafinsa ya fi yawa. Bucknell da Washington and Lee kuwa suna da sashen kasuwanci.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin ɗalibai. Makarantar da ɗalibanta ba su wuce 2,000 ba, farfesa zai san sunanka, ya mayar maka da takardarka cike da jan biro, kuma shi zai rubuta maka wasiƙar neman aiki. Amma ka shirya zama ajin falsafa ko tarihi, ko ba ka so.

In kuɗi ne matsalar, duba Berea a jihar Kentucky: ba a biyan kuɗin karatu, sai dai kowane ɗalibi yana aikin aƙalla awa 10 a mako a cikin makarantar.