Yawon ganin daji na wuni ɗaya: a biya jagora ko a tafi da kai?

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce ƙannen maiɗakinka za su zo hutu daga Yamai, rana guda tak gare ka da za ka fitar da su su ga daji, kuma ka rasa ko ka biya masu shirya yawo da jagora, ko ku ɗau motarka ku nufi ƙauye da kanku. Wasu sun ce maka biyan jagora asarar kuɗi ce, wasu sun ce kar ka kuskura ka fita kai kaɗai, to kowa da gaskiyarshi, sai dai ba wuri ɗaya suke magana a kai ba. Ba ka faɗi ina kake son zuwa ba, alhali amsar duk tana nan. Ni na daɗe ina tuƙa motar wata ƙungiya mai aikin noma da kiwo, kudu da arewacin jihar nan ta Maradi ba inda ba mu taka ba, shi ya sa na ce bari in sa baki.

In raƙumin dawa ne yaran ke son gani, to maganar Gadabeji ake, can ɓangaren Bermo bayan ka wuce Dakoro, kuma can ba shawara ba ce, dole ne ka bi jagora. Gandun daji ne na gwamnati tun 1955, wajen hekta dubu 76, UNESCO ma ta sa shi cikin jerin wurarenta a 2017, akwai jami'an gandun daji da ke tsaronshi, ba a kutsa kai haka nan kamar gonar gado. Raƙuman dawan da ke ciki daga Kure, can kusa da Yamai, aka kwaso su a manyan motoci, guda 8 a 2018, daga baya aka ƙaro wasu, domin na asalin wurin sun ƙare tun shekarun 1970 saboda fari da farauta. Ka lissafa da kanka, dabbobi ƴan ƙalilan cikin fili mai girman nan, kai da ba ka san sawu ba sai ka wuni kana zagaya kalgo da aduwa ba ka ga ko jela ba. Mai tsaron wurin kuwa ya san inda suka kwana, makiyaya na ba shi labari, zai sa a tsaida mota ya sauka ya duƙa ya nuna maka sawu a rairayi, ya ce wanga na safiyar yau ne tunda iska ba ta ci bakinshi ba, ya ɗaga kai ya nuna maka reshen ƙaya da aka tsige ganyenshi can sama inda akuya ba ta kai. Abin da kake biya kenan, idon mutumin, ba kujerar mota ba. Barewa ma haka, tana tsaye cikin ciyawa launinsu ɗaya, sai ya ce ga ta can, kai kana ta raba ido sai ta zabura sannan ka gan ta.

Ga kuma hanya. Maradi zuwa Dakoro ya haura kilomita 100, wannan da sauƙi, bayan Dakoro ne aikin yake, rairayi ne, sawun mota ya rabu biyu ya rabu uku duk kamarsu ɗaya, rezo yana zuwa yana ɗaukewa, taswirar waya ba ta san rijiya ba balle ta san inda ake kafewa. Ƙaramar motar gida ba ta yi, sai katkat, da direban da ya san ya rage iskar taya kafin ya shiga yashi, da shebur, da bidon ruwa na mutane daban na mota daban. Kuma gaskiyar da masu talla ba su cika faɗi ba, Gadabeji ba tafiyar wuni ɗaya ba ce in ana son a gani da kyau. Dabbar daji da sanyin safiya da yamma lis take fitowa, in kun bar Maradi bayan asuba za ku isa rana ta take, lokacin kowace dabba ta shige inuwa, ku ɗan zaga ku ci abinci a ce a juya kar dare ya yi. Gara ku kwana Dakoro ku yi sammako. In rana guda ce ba ƙari, ni dai ban ba ka shawarar can ba ko da jagora.

Su masu shirya yawon kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai na kirki, akwai wanda shi kanshi baƙo ne a wurin, ya yi hayar mota ya buga sanarwa a WhatsApp da hotunan da ba shi ya ɗauka ba. Na taɓa haɗuwa da irinsu a hanya, sun cika mota da ƴan makaranta, mai jagoran yana tambayarmu ina ne mashigar gandun, yara sun galabaita ruwa ya ƙare. Saboda haka kafin ka ba da ko dala ka tambaye shi wa zai tarbe ku a can, ɗan wurin ne ko daga nan za a tafi da shi, ya sanar da ofishin gandun daji ko sai an je a fara roƙo, kuɗin da ya yanka har da mai da abinci da na shiga ko can za a ce ku ƙaro jikka kaza, mota nawa za su tafi domin mota ɗaya a yashi in ta lalace kun zama abin tausayi, sannan ƙarfe nawa za a kamo hanyar gida. Wanda ya san aikinshi nan take zai amsa, har ya ji daɗin tambayar. Wanda ya fara ce maka kar ka damu Alhaji komai an gama, riƙe kuɗinka.

To amma in abin da kake so shi ne yara su sha iska su ga ruwa da tsuntsaye da rayuwar karkara, ba ka buƙatar wani kamfani. Ga tafkin Madarunfa nan kusa, tafiyar da ba ta kai awa ba, ruwanshi daga Gulbin Gabi yake samu, ya cika ya batse bayan damina ya ja baya da rani. Ku isa da safe lokacin da masunta ke fitowa da kwale-kwale, ku ga tarwaɗa da karfasa tun suna motsi, balbela da zalɓe na bin gefen ruwa, masu lambu na ban ruwa. Ga kaburburan waliyyai 99 da ake faɗi kewaye da tafkin, waɗanda saboda su da dajin da tafkin aka sa wurin cikin jerin da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006. Nan duk wani dattijo da ka gaisar da kyau ya fi jagoran haya sanin labarin, kuma ba sauri yake ba, kai ma ba mai busa maka oda ya ce lokaci ya yi. Wannan shi ne daɗin tafiya da kai, in yara sun tsaya kallon mai saƙar taru rabin awa ba wanda ya damu.

Sai dai tafiya da kai ba tana nufin tafiya ba kowa ba. Ƙauye ba a faɗa mishi kamar kasuwa, ka samu mai masauki tun daga nan, abokin aiki ko maƙwabci ko mai kawo muku hatsi, Maradi wa ye bai da ɗan'uwa a ƙauye? Ya buga waya ya ce ga baƙina nan tafe. In kun isa a fara da ƙofar maigari, a cire takalmi a gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ku, ka ajiye ɗan goro ko sukari da shayi, shi zai haɗa ku da yaron da zai zaga da ku, in za ku rabu ka sallami yaron da abin kirki. Ka ja kunnen ƴan Yamai ɗin nan kan hoto, kar su ɗaga waya kan matan mutane a bakin rijiya ba izini, kar a ratsa gona da mota, in an kawo fura ko ruwa a karɓa ko da kurɓa ɗaya ce. A zamanin nan baƙuwar mota da baƙin fuskoki suna yawo a bayan gari ba wanda ya san su, mutane tsarguwa suke, kuma ba ka ga laifinsu ba.

Wani abin da nake so ka nuna musu, wanda motar yawo ke wucewa da gudu ba ta tsaya ba, shi ne itatuwan cikin gonaki. Hanyar Agiye in ka bi, dubi gawo da kalgo da sabara tsaye cikin gonakin hatsi, ba dasa su aka yi ba, kututture ne da ke tohowa manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya sassabe sauran, shi ne sassabin zamani. Nan jihar Maradi aka faro shi wajen 1983 tare da wani Bature ɗan Ostareliya Tony Rinaudo, yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 a ƙasar nan, har daga wasu ƙasashe ake zuwa ƙauyen Dan Saga na ɓangaren Agiye koyo. Ka sa manomi ya tsaya gindin gawo ya gaya musu da bakinshi yadda yake zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Yaran da suka karanta wannan a lakwal ba su taɓa ganin an nuna musu da yatsa ba.

Maganar tsaro kuma ba zan ɓoye maka ba. Kudu can wajen dajin Baban Rafi da garuruwan bakin iyaka, ɓangaren Gabi da wasu ƙauyukan Gidan Runji, an sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, ko wa ya ce zai kai ku yawo cikin dajin nan ka ce mishi ka gode. Jagora ba sulke ba ne, a Kure cikin Agustan 2020 mutum 8 aka kashe, Faransawa 6 da direbansu da jagoran kanshi. Ko Madarunfa ɗin ka tsaya gari da bakin tafki, ka tambayi mai masaukinka a daren da za ku tafi ba labarin watan jiya ba, kowa ya riƙe katinshi saboda shingen jandarma, la'asar ta yi muku a hanyar gida. In cikin baƙin akwai mai fasfo na wata ƙasa, a fara tambayar hukuma kafin a fita gari.

Ba ka faɗi watan da za su zo ba. In damina ce hanyoyin fadama na yankewa, Gulbin Maradi in ya kawo ba a wasa da shi, ka tsaya inda gudron ya kai. Daga kaka zuwa sanyi ya fi, tafki cike, rana da sauƙi, sai dai a sa wa yara takalmi rufaffe saboda ƙarangiya, a lokacin ta bushe tana kama wando da safa. Watan Afrilu da Mayu kuwa kar ka fitar da ƙananan yara daji, zafin ya wuce wasa. Faɗo watan da irin motar da ke gare ka, sai in gaya maka ta inda za ka bi.