Ga ƙanena mai son karanta kasuwanci da sarrafa kuɗi a jami'a

Ƙanena, saƙonka ya iso ni lafiya. Tambayoyi uku ka jero: ko digirin kasuwanci da sarrafa kuɗi zai kai ka ga aiki mai tsoka, ko wanda lissafi bai zauna masa sosai ba zai iya, sai kuma batun kuɗin ruwa da ka ce yana tsaya maka a rai. A nan Ingila na yi wannan karatu, kuma a fannin nake aiki har yanzu, don haka zan faɗa maka abin da na gani da idona.

Kwas ne mai faɗi ƙwarai. A shekarar farko za a ɗan taɓa maka komai: tattalin arziki, akanta, tallata haja, kula da ma'aikata, dokar kasuwanci, ƙididdiga. Wannan faɗin yana jan mutane, kuma a nan da yawa suke ɓata. Sai ka ga yaro ya gama shekara uku, ya ji kowane fanni sama-sama, amma ran da aka zaunar da shi ganawar ɗaukar aiki aka ce "me ka iya?", sai ya kama inda-inda. Shawarata tun daga ranar farko ka zaɓi abu guda ka riƙe shi gam, kuma in ni ne kai, abin da zan riƙe shi ne iya karanta littattafan kuɗin kamfani.

Bari in nuna maka dalili. Ɗauki kamfanin da ya sayo kaya na miliyan 8 ya biya nan take, ya sayar a miliyan 10, amma bisa sharaɗin mai saye zai biya bayan kwana 90. A takardar riba da faɗuwa, ya ci ribar miliyan 2, kowa na murna. To ga ƙarshen wata ya zo: albashi na jira, kuɗin haya na jira, asusun banki kuwa wayam. In bai samu wanda zai ranta masa ba, zai iya rufe ƙofa alhali a takarda riba yake ci. Kamfanoni masu yawa ta nan suke mutuwa, musamman waɗanda cinikinsu ke haɓaka da sauri, domin kowane sabon ciniki yana ƙara ɗaure musu kuɗi a hannun wasu. Takardu uku za a koya maka: ta riba da faɗuwa, ta kadara da bashi, da ta shigar tsabar kuɗi da fitarsu. Ɗalibai sun fi son ta farko don ta fi sauƙin fahimta. Ta ukun ce ta fi wuyar yi wa kwaskwarima, kuma ita gwanaye suke fara buɗewa. Tushen duka ukun tsohon tsari ne na rubuta kowace hulɗa a wuri biyu, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, wanda Luca Pacioli ya wallafa bayaninsa a Italiya tun 1494, kuma har yau a kansa kwamfutocin bankuna suke tafiya.

Maganar lissafi, kada ta firgita ka, amma kada ka raina ta. Abin da za ka fi buƙata shi ne kaso cikin ɗari, ɗan aljabra, da ƙididdiga. Darasin da ya fi kowanne muhimmanci a sarrafa kuɗi shi ne cewa kuɗin yau ya fi na baɗi daraja. In jarinka zai iya kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara, to 100 da aka yi maka alkawari baɗi, a yau ba ta wuce kusan 91 ba. Da wannan ɗan lissafin ake yanke hukuncin gina masana'anta ko fasa ginawa, da shi ake ƙiyasta darajar hannun jari. Wanda ya fahimce shi da kyau ya ci rabin kwas ɗin. Sauran kuma zama ne gaban Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, har hannunka ya saba. Na sha ganin waɗanda suka shigo suna tsoron lamba sun wuce waɗanda suka zo da taƙamar sun iya, don kawai ba sa barin aikin gida ya kwana. In dai ba fannin kuɗi mai zurfin lissafi za ka shiga ba, wanda shi kam sai an yi da gaske, abin da ka zo da shi daga sakandare zai ishe ka farawa.

Wajen zaɓen jami'a, kada hoton gini da kalaman dillalan neman gurbin karatu su ɗauke maka hankali. Ka buɗe jerin darussan kowace shekara ka ƙirga nawa ne na akanta da kuɗi, nawa ne na surutu. Ka duba ko makarantar tana da ɗaya daga cikin shaidun tantancewa da duniya ta sani, wato AACSB, EQUIS ko AMBA. Sannan ka tambaya ko ƙungiyoyin ƙwararru sun amince da kwas ɗin. Misali ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, tana da jarrabawa 13, kuma digirin da ta amince da shi zai iya sa a yafe maka har guda 9. Ban da jarrabawar, tana neman wata 36 na aiki a fannin kafin ta ba ka cikakkiyar shaida. Mai son harkar zuba jari kuma shaidar ƙwarewa ta CFA yake nufa, mai jarrabawa mataki uku. Waɗannan shaidu su ne suke tsallaka iyaka da kai, sau da yawa fiye da sunan jami'ar. Kuma in ka samu kwas mai shekarar koyon aiki a kamfani a tsakiyarsa, ɗauke shi ko da zai ƙara maka shekara guda. Yawancin abokan karatuna da suka samu aiki da wuri, ta wannan ƙofar suka shiga.

Yanzu batun da ya fi damunka. Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin ruwa yana cikin kusan kowane darasi na wannan fanni, za ka lissafa shi, za a yi maka jarrabawa a kansa. Sanin yadda abu yake aiki daban, cin abinci da shi daban, kuma hukuncin irin aikin da ya halatta ka karɓa, wannan ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa tun kafin ka cike fom, kada ka bari sai takardar ɗaukar aiki tana hannunka. Abin da zan iya gaya maka shi ne hada-hadar kuɗi ta Musulunci fanni ne mai zaman kansa yanzu, da nau'o'in hulɗa irin su murabaha da mudaraba da musharaka da ijara, da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain tana fitar da ƙa'idojinsa, Babban Bankin Malesiya ya kafa jami'ar INCEIF a 2005 musamman dominsa, kuma gwamnatin Birtaniya da kanta ta fitar da sukuk na fam miliyan 200 a 2014. Amma ko can za ka nufa, sai ka iya tsarin da aka saba tukuna, domin da shi ake auna farashin wancan.

Akwai abin da nake so ka sa a zuciya tun yanzu: wannan aiki na amana ne. Kamfanin Enron na Amurka ya rushe a 2001 bayan an gano yana ɓoye bashi, ya ja kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen suka faɗi tare. Wirecard na Jamus ya durƙushe a 2020 da aka nemi Yuro biliyan 1.9 da ke rubuce a littafinsa aka rasa. Masu digiri irin wanda kake nema ne suka rubuta waɗannan alkaluma, kuma ma'aikata da masu ajiyar fansho ne suka kwana ciki. Wata rana wani babba zai ce maka "ɗan gyara wannan lambar", kuma ina so ka san amsarka kafin ranar ta zo.

Aiki mai tsoka kuwa, ba zan yi maka alkawari ba. Masu wannan digiri suna da yawa a ko'ina, kuma shekarun farko na haɗa rasit da daidaita asusu ne, albashin ma ba na a zo a gani ba. Wanda ya haɗa digiri da shaidar ƙwararru da gogewa, shi ne yake gaba.

Kafin ka biya ko kuɗin fom, yi wannan gwaji. Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana sa rahotonsa na shekara a intanet kyauta. Sauke na wani da ka sani, ka tsallake hotuna da jawabin shugaba, ka nemo takardun nan uku. Ka gwada gano ribar da ya ce ya ci, da tsabar kuɗin da ya shigo masa a zahiri, da bashin da ake binsa. Ba za ka gane komai da komai ba, kuma ba laifi. Ka rubuto mini abin da ka gano da inda ka maƙale, daga nan sai mu zauna kan jerin jami'o'in da ka turo.