Amsa: Ina zan yi gudu ba kan kwalta ba a Yamai?

Malam, ka ce kwalta na cin gwiwarka, kana neman hanyar ƙasa. Tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda, ka bi ganuwar gonakin shinkafa wajen Kirkisoye da asuba. Ƙasar da laushi, ga sanyin kogin Neja. Amma daga Agusta zuwa Satumba ruwa kan cinye fadamar, taɓo ya riƙe takalmi. Ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine kuma yakan sake cika kogin a Disamba da Janairu. Kada ka kusanci dorina, wallahi ta fi ka gudu.

In inuwa kake so, je dajin dogonyaro da aka fara dasawa gefen gari tun 1965. Abin takaici, gine-gine da shara sun ci rabonsu. Ka tafi da aboki.