Mahaɗin madogara ya mutu: in goge shi ko in bar shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata huɗu ke nan da na fara gyara a Wikipedia ta Hausa. Na buɗe wata maƙala kan wani tsohon gwamna, na tarar da madogara shida cikin tara ba sa buɗewa. Wasu 404 suke nunawa, wato saƙon ba a sami shafin ba, ɗaya ma shafin caca ya kai ni. Na goge uku haɗe da bayanan da ke jingine da su, sai wani edita ya mayar, ya ce ɓarna na yi. Ina tsoron a toshe ni. Laifi na yi ne? Daga wata mai gyara a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki Malama, ba a toshe mutum saboda kuskure ɗaya da ya yi da kyakkyawar niyya. Sai dai editan nan yana da gaskiya da ya mayar da su.

Kullum sai na ci karo da wannan fahimta, wai da zarar mahaɗi ya daina buɗewa to madogarar ta zama ƙarya. Ko kusa. Mahaɗi adireshi ne kawai. Madogarar ita ce sunan jarida, sunan marubuci, kanun labari da ranar da aka buga. In mutum ya tashi daga unguwa, ai ba a yi masa sallar jana'iza. Jaridar NEXT ta Legas ta daina fitowa a 2011, shafinta ya bi ta, amma rahotannin da ta buga suna nan a matsayin hujja. Muna kafa hujja da Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wa ya taɓa neman mahaɗinta? Idan kika goge mataccen adireshi, kin toshe babbar hanyar da wani zai bi ya tono kwafin shafin, domin da wannan adireshin ake bincike a rumbun ajiya.

Kuma abin ba kaɗan ba ne. Binciken cibiyar Pew ta Amurka na 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke intanet a 2013 sun ɓace bayan shekara goma, kuma kashi 54 na shafukan Wikipedia da suka duba suna da aƙalla mataccen mahaɗi ɗaya a manazartarsu. In kowa zai riƙa gogewa, me zai rage?

Waɗanda suka fi ɓata min rai ma su ne masu farautar matattun mahaɗai su cusa adireshin shafinsu, wai gyara suke yi. Sai ki ga an cire rahoton jarida an sa shafin tallar maganin ƙarfi da ba ya ɗauke da ko kalma ɗaya ta bayanin. Wasu har kuɗi suke karɓa a hannun mutane da alƙawarin ɗaga su a Google, alhali mahaɗan waje na Wikipedia suna ɗauke da alamar nofollow, wadda ke gaya wa injin bincike kada ya ƙirga su. Yaudara ce biyu: sun cuci mai karatu, sun cuci wanda ya biya su.

Ga abin yi. Ki kwafi adireshin ki sa a Wayback Machine na Internet Archive, wato rumbun da ke ajiye tsofaffin kwafin shafukan intanet, ki zaɓi kwafin da ya fi kusa da ranar da aka kafa madogarar, ki karanta da idonki ki tabbatar bayanin yana ciki. Sannan a cikin madogarar ki cike gurbin archive-url (adireshin kwafin) da archive-date (ranar da aka ajiye shi), ki sa url-status (halin da mahaɗin yake ciki) ya zama dead, wato matacce. Wanda ya kai ki shafin caca kuwa, wasu ne suka sayi adireshin bayan mai shi ya sake shi. A nan usurped, wato an ƙwace, za ki rubuta a url-status, don a ɓoye shi daga masu karatu. In babu kwafi, ki nemi kanun labarin a Google, jaridu kan sauya tsarin shafi labarin ya koma wani adireshi. In duk ya faskara, ki liƙa alamar dead link, wato mataccen mahaɗi, da wata da shekara, ki bar shi.

Tunda kuma maƙalar kan mutum ce, in yana raye kuma akwai zargi mai nauyi da kika kasa tabbatarwa ta kowace hanya, wannan kam cire shi ake yi nan take, ki rubuta dalili a shafin tattaunawa. Madogara ukun da suka rage da rai, ki adana su yau ta Save Page Now, wato wurin adana kwafin shafi a Wayback Machine.