Filin Tambaya da Amsa: Haro sau biyu duk shekara, amma auduga sai baya take yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Katsina ne amma gonarmu ta gado tana wajen Malumfashi, auduga muke yi. Duk shekara sai na sa tarakta ta yi haro sau biyu kafin a yi huɗa, taki ma ba na wasa da shi, amma abin sai raguwa yake, kuma in an yi ruwa mai ƙarfi sai ka ga jan ruwa na fita daga gonar yana gangarawa rafi. Ƙanen babana ya ce taraktar ce ta kashe gonar. Gaskiya ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Baffan naka bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ba taraktar ce mai laifin ba, yawan haron ne. Duk sanda faifan haro ya bi ta kan ƙasa yana farfasa ta ne ta koma gari, ruɓaɓɓen ganye da tushiyar da ke riƙe ta su ƙare da wuri, to ruwan farko na sauka sai saman ya yi ɓawo, ruwa ya kasa shiga ya kama hanya. Jan ruwan nan da kake gani ai gonarka ce ke tafiya, da NPK ɗin da ka saya da tsada da maganin feshi duka, kuma rafin nan mutane ke sha dabbobi ke sha, irin wannan laka ce ke taruwa tana cike madatsun ruwa irin su Zobe da Ajiwa a hankali.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. Nauyin tarakta, musamman in an shiga gona da danshi, yana danƙare ƙasan da ke ƙarƙashin inda faifan ke tsayawa. Ita kuwa auduga saiwarta guda ce mai nutsawa ƙasa sosai, in ta tarar da wurin nan mai tauri sai ta lanƙwashe ta yi gefe, shi ya sa da an ɗauke ruwa kwana kaɗan sai ka ga ta yi yaushi. Tumɓuke guda ɗaya ka duba, saiwar za ta ba ka labari.

Shawarata, haro ya koma sau ɗaya, wata shekarar ma garmar shanu ta isa. Kunya ta gitta gangara, kar ta bi ta, sannan a riƙa datse kwarin kunyar da ƙasa nan da can don ruwa ya zauna ya nutse. In ka yi dawa ko masara ka bar wani abu na karan a gona, na san ana buƙatarsa don dabbobi da danga, amma kwashewa ƙarƙaf ɗin nan da muke yi ba dabara ba ce. Ka riƙa juyawa da waken suya ko gyaɗa, ka kai takin gida.

Amma fa karan auduga ban da shi, wannan a tumɓuke a ƙone bayan an gama tsinka, don tsutsar auduga a ciki take ɓuya ta jira baɗi. Gefen rafin kuma ka bar ciyawa ta tsaya, kar a nome har bakin ruwa. Batun iri ka nemi malamin gona na KTARDA, wato hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta Jihar Katsina, ya duba maka cikin irin audugar nan SAMCOT na cibiyar binciken noma ta Samaru da ke Zariya wanda ya dace da yankinku, kuma kar ka sa ran ganin canji a damina ɗaya, sai an jera shekaru ana yi.