Sabarmu Tana Jan Ƙafa, Sai An Kashe An Kunna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da wata cibiyar koyon kwamfuta a Gusau, inda kwamfutoci 40 suke haɗe da saba guda, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, mai aiki da Windows Server, wadda ɗalibai suke ɗauko tambayoyin gwaji daga cikinta. Katin netwok na sabar mai gudun gigabit ne, amma idan muna kwafar fayil ba ya wuce megabayit 11 a daƙiƙa. Haka kuma RAM ɗinta, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, mai gigabayit 16 yana cika sannu a hankali, bayan kwana biyar komai ya tsaya, sai mun kashe mun kunna. Mai yi mana gyara ya ce a sayi sabon kati, a ƙara RAM. Shin in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin abin da ka bayyana bai nuna kayan sun yi kaɗan ba.

Lambar nan 11 ita ce ta tona asirin matsalar farko. Ana auna gudun kati da megabit, ana auna fayil da megabayit, kuma bit 8 ne suke yin bayit ɗaya, saboda haka layin megabit 100 ba zai wuce megabayit 12.5 a daƙiƙa ba, a aikace kuwa a wajen 11 yake tsayawa. Da layinka yana kan gigabit, da ka ga abin da ya haura megabayit 100 a daƙiƙa. Wato katin da suwic, na'urar da ake soka kebul ɗin kwamfutocin a jikinta, sun daidaita a kan megabit 100, kuma za ka tabbatar da haka idan ka rubuta Get-NetAdapter a PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, ka duba gudun da ya nuna.

Kebul ne abin da nake fara zargi. A cikinsa akwai siraran wayoyi 8, gigabit yana bukatar dukkansu, amma megabit 100 wayoyi 4 sun ishe shi. Idan ɗaya daga cikin sauran huɗun ta tsinke, ko ba ta zauna daidai a cikin kan kebul ɗin ba lokacin da aka matse shi, netwok zai ci gaba da aiki, fitila tana walƙiya, amma gudu ya faɗi ba tare da kowa ya sani ba. Na taɓa bin wani kebul a cikin silin na tsawon yini, sai na iske ɓera ya ɗan gaigaye shi a wuri ɗaya kamar faɗin farce, shi ke nan fa. Ka ɗauko gajeren kebul na Cat5e ko Cat6 wanda aka haɗa daga kamfani, ka ajiye suwic kusa da sabar ka gwada, sannan ka canza ramin da kake soka shi. Ka kuma karanta rubutun da ke jikin suwic ɗin, don akwai masu araha da iyakarsu 10/100 ce, wato ba sa wuce megabit 100. Kada tsawon kebul ya wuce mita 100, kuma ka guji irin wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe. Idan wani ya taɓa ƙayyade gudun katin da hannu, a mayar da shi ya zaɓa da kansa.

Batun RAM ya fi bukatar haƙuri. Cikarsa kaɗai ba laifi ba ne, domin Windows yana ajiye fayilolin da aka buɗe kwanan nan a wurin da ba a amfani da shi, ya sake shi da zarar an bukata. Laifin shi ne yoyo, wato manhaja ta riƙa karɓar wuri ba ta mayarwa, kamar randar da ake zuba wa ruwa ba a ɗiba. Idan haka ne, gigabayit 32 zai mayar da kwana biyar ɗinka kwana goma ne kawai.

Bayan ka kunna sabar, ka buɗe Task Manager safe da yamma na kwana uku, ka rubuta a takarda adadin da kowace manhaja ta ci. Wadda take hawa kullum, ko da daddare da babu ɗalibi ko ɗaya, ita ce mai laifin, sai a sabunta ta ko a nemi wanda ya rubuta ta. Sai dai idan kuna amfani da SQL Server, manhajar rumbun bayanai, shi al'adarsa ce ya kwashe duk abin da ya samu har sai an sa masa iyaka a saitinsa.

Idan kuwa babu manhajar da ta kumbura amma RAM yana ƙarewa, ka duba Non-paged pool, wato ɓangaren RAM na Windows da direbobinsa, a shafin Performance na Task Manager. Hawansa zuwa gigabayit da yawa yana nuna direba ne yake yoyo, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa na'ura, kuma direban katin netwok yana cikin waɗanda aka fi kamawa da wannan. Manhajar PoolMon ta Microsoft za ta nuna maka alamar direban. Ka sauke sabo daga shafin kamfanin da ya ƙera katin, ka sa shi ranar da babu aji, sannan ka ci gaba da rubuta lambobin har mako guda ka aiko mana da su.