Tambaya da amsa: Me yasa sakin tsirkiyata baya zama iri ɗaya?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Nima, Accra: Salam malam, wata biyar kenan ina koyon harbi da bakan rikab, mai lanƙwasassun bakuna, irin na gasar Olamfik, amma kibiyoyina sai watsewa suke hagu da dama, wani lokacin ma tsirkiya ta daki hannuna. Ya zanyi sakina ya daidaita?

Wa alaikumus salam ƙanena. Inaga matsalarka ita ce kana ƙoƙarin buɗe yatsu da kanka, kuma tsirkiya ta fi yatsunka sauri nesa ba kusa ba, kafin ka gama buɗewa ta riga ta goge su ta karkace. Abin da ake so kawai ka daina riƙewa, yatsun suyi laushi, ita da kanta zata ture su ta wuce.

Ka gwada da galan ɗin Kufuor na gida, wato jarkar ruwan nan rawaya, zuba ruwa kaɗan, rataye shi a yatsu uku sannan ka saki jikin yatsun ya sulluɓe ya faɗi. Zakaga yatsun sun koma a lanƙwashe kamar yadda suke, basu miƙe tsaye ba. To haka ake so a baka.

Sai riƙon kansa. Manuniya a saman kibiya, na tsakiya da mai bi masa a ƙasa, tsirkiyar ta zauna cikin gaɓa ta farko. Sabbin maharba suna son riƙewa da bakin yatsu wai zai fi saurin fita, wallahi akasin haka ne, hannu ƙanƙamewa yake don tsoron kar ta kuɓuce. Shi bayan hannun naka ya zama a shimfiɗe, ja kuma ya fito daga bayanka wajen allon kafaɗa, gwiwar hannu na cigaba da tafiya baya har bayan kibiya ta tashi, shi yasa zakaga hannun gwanaye yana sulalewa ta gefen wuya. In naka yana fizgewa waje nesa da fuska, ga dalilin watsewar nan. Dukan hannu kuwa ka juya gwiwar hannun da ke riƙe da baka ta kauce wa hanyar tsirkiya kuma ka sa kariyar hannu.

Ni dai da zaka ji tawa, ka ajiye takardar saiti, mai da'irorin maki, sati biyu. Tsaya mita 3 zuwa 5 gaban allon harbi, hannun da ke jan tsirkiya ƙarƙashin haɓa, tsirkiya na taɓa hanci, kayi ta harbi kana jin yatsunka kawai. A Olamfik daga mita 70 ake harbi, da'irar maki goma faɗinta santimita 12.2 ne, ƙaramin motsi a yatsa can ya zama babban kuskure.

Ka duba nauyin jan bakan ma, in ya wuce fam 24 ga mai wata biyar zai iya yin yawa. Fatar da ake sawa don kare yatsu kuma da zufar Accra tana saurin yin kwari a tsakiya tana riƙe tsirkiya, in tayi haka canza ta.